Lambun tsire-tsire masu cin ƙwari na Stanley Rehder a Wilmington: sai an tsuguna ake ganinsa

Lambun Stanley Rehder yana birnin Wilmington, a gaɓar tekun jihar Karolina ta Arewa a Amurka, cikin wani keɓaɓɓen daji da ake kira Piney Ridge. Dajin eka 39 ne, lambun kuwa bai cika eka ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu na eka. Ba a biyan ko sisi wajen shiga, kuma a buɗe yake kowace rana muddin da hasken rana. Ana isa ta titin Canterbury, lamba 3800, wanda ya ɓalle daga babban titin Independence, a bayan makarantar firamare ta Alderman. Mai mota daga Raleigh, babban birnin jihar, tafiyar kamar awa biyu ce a babbar hanya mai lamba 40.

A ganinmu wurin ya cancanci a je, amma da sharaɗi. Wanda ya zo a watan da ya dace, ya san abin da yake nema, ya kuma yarda ya tsuguna, zai iya shafe awa biyu bai gaji ba. Wanda ya zo yana tsammanin dodannin tsire-tsire masu baki wage-wage zai zagaya cikin minti goma ya ce bai ga komai ba. Shi ma gaskiya ya faɗa, domin daga tsaye abin da ido ke fara gani fili ne mai dausayi da ciyawa.

Abin da ya ba lambun daraja shi ne tsiron da za mu kira tarkon ƙuda, wanda alluna suka rubuta Venus flytrap, masana kuma Dionaea muscipula. Ana sayar da shi a tukunya a ƙasashe da yawa, amma duk duniya babu inda yake fitowa da kansa tun asali sai a wani ɗan yanki da bai wuce kilomita 120 zuwa 160 daga Wilmington ba, a Karolina ta Arewa da ɗan gefen Karolina ta Kudu. Gwamnan mulkin mallaka Arthur Dobbs ya ba da labarinsa a wasiƙa a 1759, Charles Darwin ya yi dogon nazari a kansa a 1875, jihar kuma ta ayyana shi a matsayin tsironta mai cin ƙwari a hukumance a 2005. A nan ana ganinsa a ƙasarsa, cikin ranarsa da ruwan samansa, ba bayan gilashi ba, kuma ba sai an kutsa surƙuƙin daji ba.

Mutumin da lambun ke ɗauke da sunansa ɗan Wilmington ne, daga gidan masu sana'ar furanni. Ya kwashe shekaru masu yawa yana kula da wannan ɗan dausayi, yana yayyafa iri, yana kai mutane su gani. An sa wa wurin sunansa a hukumance a 2012, ya kuma rasu a wannan shekarar yana da shekara 90. Yanzu hukumar birnin ce ke kula da shi tare da ƙungiyar kare filaye ta North Carolina Coastal Land Trust. Sanin wannan na da amfani ga mai ziyara: lambu ne da hannun mutum ya taɓa, ba daji ne zalla ba, shi ya sa nau'o'in suka taru a wuri ɗaya fiye da yadda za a same su a jeji.

Daga wurin ajiye motoci, wanda ƙarami ne, akwai gajeriyar hanya ta kankare da ke bi ta cikin bishiyoyi zuwa dandamalin katako da ake tsayawa a hango filin. Keken guragu da na jarirai suna bin wannan sashe ba wahala. Daga nan sai duwatsun takawa da aka jera cikin dausayin, kuma a kansu ne ainihin ziyarar take. Kada ƙafa ta sauka daga kan dutse. Ƙasar yashi ce haɗe da ruɓaɓɓen gansakuka, jiƙe take kusan kullum, taku ɗaya yana danne ta ya murƙushe ƙananan tsirrai da idon mai tafiya bai ma gani ba. Tarkon ƙuda ɗan shekara ɗaya bai fi 'yan milimita ba, kuma yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya kai girman yin fure.

Tsiron da ya girma yana kwance ne a ƙasa, ganyensa huɗu zuwa bakwai a baje, faɗinsa duka santimita 10 zuwa 13. Kowane tarko santimita 2 zuwa 3 ne. Hanyar gano su ita ce a tsaya a kan dutse ɗaya, a tsuguna, a zuba ido a gefen dutsen inda ciyawa ba ta yi kauri ba, a nemi ja-ja a cikin kore. Cikin tarkon da ke shan rana sosai yana yin ja, wanda inuwa ta rufe kuwa kore yake zama. Da zarar ido ya kama guda ɗaya, sauran sai su riƙa fitowa ta ko'ina. Gilashin ƙara girman abu mai ninki goma ya fi kowace na'ura amfani a wannan wuri, kuma ya dace a saka tufar da ba a ƙyashin ta taɓa laka.

Idan aka kai gilashin kusa, za a ga a cikin kowane ɓari na tarkon akwai siraran gashi, galibi uku-uku. Su ne kunamar tarkon. Taɓa ɗaya ba ya rufe shi. Sai an taɓa gashi sau biyu cikin daƙiƙa ashirin zuwa talatin, ko gashi ɗaya ko biyu daban, sannan saƙon lantarki da ke ratsa ganyen ya kai ƙarfin da ake bukata. Hikimar a bayyane take: ɗigon ruwan sama ko guntun ganye da iska ta yar yakan taɓa sau ɗaya ne, abu mai rai kuwa yana motsi. Rufewar tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa idan da ɗumi. Ɓarin biyu a buɗe a lanƙwashe suke zuwa waje, a ɗame, sai su juye farat ɗaya su koma lanƙwasa zuwa ciki. Da safiyar sanyi ko a tsohon ganye, abin yana tafiya a hankali, wani lokaci har ƙwaron ya tsere.

Rufewar farko ba ta like baki ba. Haƙoran gefe suna sarƙewa ne su bar 'yan kafofi, ƙwaron da bai kai a wahala a kansa ba ya fice. Idan wanda ke ciki babba ne ya ci gaba da mutsu-mutsu yana taɓa gashin, a wajen taɓawa ta biyar tsiron ke fara haɗa sinadaran narkarwa gadan-gadan, bakin ya manne ƙam, ciki ya cika da ruwa. Narkarwar na ɗaukar kwana biyar zuwa goma sha biyu, gwargwadon girman ƙwaron da zafin gari. Bayan nan tarkon ya buɗe, ɓawon ƙwaron na kwance a ciki har iska ko ruwa ya ɗauke. Mai lura zai ga dukkan matakan nan a ziyara ɗaya: buɗaɗɗe, mai haƙora a sarƙe, mannanne wanda inuwar ƙwaro ke bayyana ta jikinsa idan rana ta haska shi ta baya, da mai ɓawo. Zai kuma ga baƙaƙen tarkuna. Wasu tsufa ne kawai. Wasu kuwa sun kama abin da ya fi ƙarfinsu, ƙafa ko fiffike ya leƙo waje, bakin bai like ba, ƙwayoyin cuta suka shiga suka ruɓar da ganyen. Ƙwaron da ya dace da tarko bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ba.

Wannan ne ya sa muke roƙon kowa, musamman masu zuwa da yara, kada a tsokani tarko da yatsa ko tsinke. Sha'awar tana da ƙarfi, mun sani. Amma kowane tarko yana da iyakar rufewar da zai yi a rayuwarsa, galibi ba ta wuce goma ba, kuma idan yana cin abinci sosai sau uku ko huɗu ne ya gama aiki. Wanda aka rufe a banza yana ɗaukar rabin yini zuwa yini guda kafin ya buɗe, ya ƙona ƙarfinsa bai sami komai ba. A tukunyar gida asarar kaɗan ce. A lambun da mutane ke wucewa safe da yamma, tsiron da ke bakin dutse zai iya ƙarewa cikin mako idan kowa ya gwada sau ɗaya. Haka kuma kada a jefa masa nama ko burodi: kitse da gishiri suna ruɓar da ganyen, kuma abin da ba ya motsi ba ya sa tarkon ya like. Wanda ke son ganin kamu da idonsa ya zaɓi tsiro mai tarkuna da yawa a buɗe da hantsi, ya jira. Abincinsu yawanci masu rarrafe ne: kusan kashi ɗaya cikin uku tururuwa, kusan haka gizo-gizo, sai ƙananan buzuzu da fara. Masu tashi ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Masu tulu, dangin Sarracenia, su ne ke cika ido daga nesa, kuma su ne ke ceton ziyarar wanda gwiwarsa ba ta yarda da tsuguno. Ganyensu ya naɗe ya zama bututu mai murfi. Mai ruwan ɗorawa, Sarracenia flava, yana kai rabin mita, wani lokaci ya doshi mita guda. Ba ya motsi ko kaɗan. Ruwan zaƙi a leɓe da ƙarƙashin murfi yana jan ƙuda, zanzaro da tururuwa, ƙasa da leɓen akwai santsi mai kaki inda ƙafar ƙwaro ba ta kamawa, can ƙasa kuma gashi ne masu kallon ƙasa da ke hana hawowa. Murfin ba ya rufewa, aikinsa rage ruwan sama da ke shiga. A ƙarshen watannin zafi, idan aka kara kunne kusa da baki ba tare da taɓawa ba, ana jin kukan ƙwarin da suka faɗa, ana kuma jin wari idan tulun ya cika.

Sarracenia purpurea daban yake: gajere, a kwance, bakinsa a buɗe yana tara ruwan sama da gangan. A leƙa ciki. Akwai tsutsar wani sauro da ke rayuwa a wannan ruwan kaɗai, tare da mitsi-mitsin halittu da ke ruɓar da abin da ya nutse, tsiron kuma ya tsotse abin da suka sake. Sarracenia minor yana da murfi da ya rufo kan baki, da fararen ɗigo a baya masu barin haske ya ratsa. Ƙwaro ya nufi hasken yana zaton mafita ce, ya bugu, ya faɗa. Za a kuma ga masu farin kai da jijiyoyi ja, Sarracenia leucophylla, waɗanda asalinsu gaɓar Tekun Meziko ne, kawo su aka yi. Dangin nan suna barbarar juna cikin sauƙi, don haka tuluna da dama a lambun ruwa biyu ne, ba za su yi daidai da hoton kowane littafi ba. Mai son koyon bambance nau'o'i zalla zai ɗan sha wuya a nan, kuma wannan rauni ne na gaske ga ɗalibin ilimin tsirrai. Tulun da aka ga ya karye a tsakiya ko an rufe bakinsa da saƙa, yawanci aikin tsutsar wani ɗan ƙwaro ne dangin asu, mai suna Exyra, da ke cin bangon tulun daga ciki. Ba sakacin masu kula ba ne.

Mai raɓa, wato Drosera, shi ne wanda aka fi tsallakewa, ga shi kuwa ya fi kowa kyau a ƙarƙashin gilashi. Wasu faɗinsu duka bai wuce santimita biyu ko uku ba, jajaye, a manne da yashi mai laima. Kowane gashi a ganyen yana ɗauke da ɗigo mai ƙyalli da ba ya bushewa ko da rana tsaka, kuma yana kama ƙwaro ne yadda yara ke kama tsuntsu da danƙo. Bayan kamun, gashin da ke kewaye suna lanƙwasowa a hankali, cikin mintuna zuwa sa'o'i, su danna ƙwaron a tsakiyar ganye. Da sassafe, rana na ƙasa-ƙasa, aka fi ganinsu. Akwai kuma Pinguicula mai ganye maiƙo-maiƙo da ke kama mitsi-mitsin ƙwari, da Utricularia wanda tarkonsa 'yan jakunkuna ne a cikin ruwa ko laka masu zuƙe ƙananan halittu, abin da ake gani a sama ɗan fure ne kawai, galibi ruwan ɗorawa. Dangin Utricularia da na Drosera suna nan a tafkuna da fadamun Afirka ta Yamma, don haka idon da ya koyi gano su a nan zai yi aiki a gida.

Dalilin duk wannan farauta yana cikin ƙasar. Tsami gare ta sosai, ruwa ya wanke ta, babu naitrojin da fosfaras na kirki. Tsirran suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar kowane koren tsiro, ƙwari kuwa taki ne a wurinsu. Saiwoyinsu sun saba da ruwa marar gishirin ma'adini, shi ya sa taki ko ruwan famfo ke ƙona su. Kada a zubar da ragowar lemo ko ruwan gora a dausayin, kada a bar kare ya shiga ya yi fitsari. Abu na biyu da suke bukata shi ne rana ba shamaki. A dajin fayin, wata bishiya mai dogayen ganye sirara kamar allura, inda asalinsu yake, gobarar tsawa takan share ƙananan itatuwa duk bayan 'yan shekaru, tarkon ƙuda ya sake tohowa daga kututturensa na ƙarƙashin ƙasa. Inda aka hana wuta, cikin shekaru kaɗan kurmi ke rufe su su ɓace. Hana gobara da gine-gine da janye ruwan dausayi sun fi ɓarayi cinye tsiron nan. A wuri irin wannan da ke tsakiyar unguwa, dole hannun mutum ya yi aikin da wuta ke yi a jeji, don haka wanda ya tarar an sassabe filin ko an rage ciyawa kada ya ɗauka ɓarna ce.

Ɓarayin ma sun yi tasu. A 2013 an tone tarkon ƙuda sama da 1,000 daga wannan lambu, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu dala 20,000. A lokacin tarar laifin ba ta wuce dala 50 ba. Daga 1 ga Disamba 2014 jihar ta mayar da shi babban laifi da zai iya kai mutum ɗaurin wata 25. Dokar ta haɗa da ɗiban iri, ba tsiron kaɗai ba. Baƙo ya kiyaye wannan da kyau. Wanda ke son nasa ya saya a wurin masu rainon tsirrai, inda ake haɓaka su ba tare da taɓa na daji ba. Ya dasa a cakuɗen ruɓaɓɓen gansakuka da yashi wankakke ko falayit (fararen tsakuwoyi marasa nauyi da ake sa wa ƙasar tukunya), rabi da rabi, ba taki. Ya ajiye tukunyar a faranti mai ruwan sama ko tataccen ruwa zurfin santimita 1 zuwa 2, ya ba shi rana aƙalla awa shida, ya kuma bar shi ya yi barcin sanyi na wata uku zuwa huɗu. Rashin wannan barcin ne ke kashe shi sannu a hankali a ƙasashe masu zafi duk shekara.

Lokacin zuwa shi ne rabin nasarar ziyarar. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu masu tulu ke fure, manyan furanni masu sunkuyar da kai, kafin sababbin tuluna su buɗe. Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni tarkon ƙuda ke fitar da fararen furanni a kan kara mai tsawon da ya kai santimita 30, kuma wannan ne lokacin da muka fi ba da shawara, domin furen tuta ce: a bi karan da ido zuwa ƙasa, ga tsiron nan. Tsawon karan yana nisanta furen da tarko, kuma ƙwarin da ke yi masa barbara, irin su ƙananan ƙudan zuma da wasu buzuzu, da wuya ake samunsu cikin abin da ya kama. A wannan tsakanin ne kuma ƙungiyar da ke kula da wurin ke shirya taronta na shekara mai suna Flytrap Frolic, ranar da ake samun masana a tsaye suna nuna wa mutane. Yuli da Agusta tarkuna sun fi girma, amma zafi yana wuce digiri 30 ga gumi ga sauro, filin kuma ba inuwa, sai a zo kafin ƙarfe tara. Satumba da Oktoba masu farin kai ke fitar da tulunansu mafi kyau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu komai na barci: tuluna sun bushe sun yi ruwan ƙasa, tarkuna sun ƙanƙance sun lafe. Wanda tafiyarsa ta faɗo a watannin nan kada ya karkata hanya saboda lambun kaɗai.

Ba wurin shaƙatawa ba ne mai kanti da gidan abinci, ba kuma jagora a tsaye kullum. Akwai allunan bayani, amma kada a sa ran kowane tsiro da sunansa a gabansa. A zo da ruwan sha, hula, maganin sauro da rufaffen takalmi, a kuma duba ƙafafu bayan fita saboda kaska. Maganin sauron a shafa shi tun a mota, fesawa kusa da tsirran yana cutar da su da ƙwarin da suke rayuwa a kai. Bayan ruwan sama mai yawa duwatsun takawa suna santsi, wasu ruwa ya shanye su. Kuma da yake hanyar duwatsun siririya ce, ayarin mutum goma ya isa ya toshe ta, gara a shiga uku-uku ko huɗu-huɗu, yaro ɗaya da babba ɗaya.

Wanda ya koyi gano su a nan yana iya ƙarasawa inda suke a jeji sosai. Gandun jiha na Carolina Beach, kudu da birnin, yana da gajeriyar hanya ta kusan mita 800 mai suna Flytrap, sai dai tarkunan can sun fi wuyar gani. Dajin Green Swamp da ke gundumar Brunswick, wanda ƙungiyar Nature Conservancy ke kula da shi tana kuma banka masa wuta bisa tsari, yana da nau'in masu cin ƙwari aƙalla 14 a ƙarƙashin dogayen bishiyoyin fayin. A can babu dutsen takawa kuma babu allo a gaban tsiro, shi ya sa ya fi kyau a fara da lambun Rehder da safe, a tafi Green Swamp washegari da dogon wando da takalmin da ruwa ba ya ratsawa.